Littafin aikin gwangwan: neman kuɗin rufin ɗakin karatu

Asabar, 1 ga Maris

Taron yau ya tsayar da magana: mun daina yawo da takardar neman taimako. Sau biyu muka zagaya da ita a bara, har mutane suka fara sauya hanya in sun hango mu. Rufin ɗakin karatun ƙungiya kuwa yana nan yana yoyo ta wuri huɗu, littattafan kantar da ke jikin taga duk sun kumbura. Shawarar da ta yi rinjaye ita ce mu tara tsofaffin ƙarafa mu sayar wa dillalan gwangwan. Wanda ba zai iya zaro kuɗi ya ba ka ba, murna zai yi ka ɗauke masa mataccen injin da ya tare masa kusurwa shekara biyar.

Kafinta ya auna, ya ba mu lissafin kwano da katako da ƙusa da ladan aiki. Ma'aji ya zana tsani mai hawa 20 a jikin kwali ya manna a bango, kowane hawa kashi ɗaya ne cikin 20 na kuɗin aikin. Adadin kuɗi yana littafinsa. Ni sakatare, da hawa zan riƙa ƙirgawa a nan.

Wurin ajiya shi ne filin bayan ɗakin. Akwai katanga, amma ƙofar ba kwaɗo. An ce in sayo.

Asabar, 8 ga Maris

Zagayen farko. Mu 14, da baro uku da kura ɗaya ta aro. Mun samu gadajen ƙarfe biyu, kekuna uku marasa taya, fankoki, fasassun tukwane, guntayen rodi, ƙofar ƙarfe, buhu biyu na gwangwanaye, waya a cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, da injin wanki ɗaya da sai da mutum huɗu suka ciccibe shi suna nishi. Muka zube komai wuri guda, tarin ya kai ƙirjina. Shugaba ya tsaya a gabansa aka ɗauke shi hoto, yana cewa rabin rufi ke nan. Ban musa ba, don ni ma haka idona ya nuna min.

Wata tsohuwa ta ba mu keken ɗinki. Ta biyo mu har bakin ƙofa, ta sa gefen mayafinta ta goge ƙurar da ke kan kan keken, ta juya wilin da hannu sau biyu, sannan ta ce, "Ku tafi da shi, 'ya'yana, idona ya daina ganin kafar allura." Na kasa jefa shi cikin tarin. Yana cikin ɗaki, ƙarƙashin tebur.

Laraba, 12 ga Maris

Mutum biyu sun kawo kaya da ƙafarsu. Ban sayo kwaɗo ba tukuna.

Asabar, 15 ga Maris

Zagaye na biyu, da rauni na farko. Wani ƙaninmu ya tura hannu ƙarƙashin tsohon kwano zai jawo bututu, gefen kwanon ya tsarge masa tafin hannu. Muka wanke da ruwa mai yawa, muka danne da tsumma mai tsabta, muka kai shi aka yi ɗinki uku da allurar tetanus, ta cutar sarƙewar haƙora. Ma'aikaciyar jinya ta gyara mana wani kuskure da muka taso da shi: ba tsatsa ce ke kawo cutar ba, ƙwayar cutar a ƙasa da ƙura take zama, ƙarfen da ya daɗe a yashe shi ke tura ta cikin nama. Ta tambaye mu yaushe rabonmu da allurar. Muka yi tsuru-tsuru.

Laifinmu ne mu manya. Mun tara yara a kan ƙarfe mai kaifi da silifa da hannu tsirara. Daga yau ba safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, ba taɓa kaya. Safar hannu 12 da kuɗin jinya, ma'aji ya ranta daga asusu, rabin hawa ke nan tun ba mu sayar da ko ƙusa ba.

Talata, 18 ga Maris

Yau muka kai kayan farko, kuma yau muka sha kunya.

Mun yi hayar a-kori-kura, muka loda komai yadda yake a cakuɗe. A wurin dillalin, mota kan hau babban sikeli da kaya, a sauke, ta sake hawa ba kaya, bambancin shi ne nauyin kayanka. Namu ya ba da kilo 780. Muna ta murmushi, sai mai sikeli ya zagaya tarin yana shurin wannan yana ɗaga wancan. Ya sa yaronsa ya kwance bayan injin wankin nan, sai ga tubalan siminti biyu ɗaure da noti. Ashe da su ake danne injin don kada ya yi ta tsalle in yana juyi. Nauyin da mutum huɗu suka yi wa nishi, siminti ne. Ya cire wannan, ya cire roba da katakon gado da ƙasar da ta cika bututu, ya ce datti kilo 90. Saura 690, kuma duka a farashin baƙin ƙarfe mara kauri, wanda shi ne na can ƙasa.

Shugaba ya ce, "Haba Malam, akwai fa jan ƙarfe da alminiyam a ciki."

Mutumin bai ko ɗago daga takardarsa ba. "Ina suke? Ware min su in auna daban. Abin da ban gani ba, ba na saye."

Direba yana ta kallon agogo, mu kuma ba filaya ba sukudireba. Muka karɓa. Abin da ya fi ci min rai, kafin mu fita daga ƙofa na waiga na ga yaran wurin sun riga sun hau tarinmu suna zare fankoki da wayar nan, suna jefawa cikin wani durom daban. Ba su cuce mu ba, sana'arsu ke nan. Mu ne muka kai musu ribar har gida, muka biya kuɗin mota a kai.

Lissafi: an samu hawa 3. Mota ta ci 1, bashin asusu ya ci rabi. Ma'aji ya shafa hawa ɗaya da rabi a jikin kwali. Wai rabin rufi.

Alhamis, 20 ga Maris

Taro ya yi zafi. Wasu suka ce a bar aikin, wahalar ta fi ladan. Ana cikin haka wani dattijo mai gyaran kayan lantarki, wanda duk muke kira Baba, ya shigo don ya ji labari a wajen jikansa. Ya saurara har muka gama, sannan ya zaro wani baƙin zobe daga aljihu, maganaɗisu ne da ya ɓalle daga tsohuwar sifika.

Ya ce in kawo masa abin da ya rage a fili. Ya manna zoben a guntun rodi, ya kama. Ya kai shi jikin murfin tukunya, ya faɗo. "Wanda ya kama, baƙin ƙarfe ne, a kilo ɗari-ɗari ake maganarsa. Wanda ya ƙi kamawa, ku riƙe shi da hannu biyu." Daga nan sai ido da nauyi. Fari mara nauyi alminiyam ne, girmansu ɗaya da baƙin ƙarfe amma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ja shi ne jan ƙarfe. Rawaya mai nauyi, irin kan famfo da wasu makullai, tagulla ce, haɗin jan ƙarfe da tutiya. Toka-toka mai laushi da ƙusa ke iya zanawa, dalma ce. Akwai kuma sitenlas, farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, wanda ke rikita mutane, don wani yana kama maganaɗisu wani ba ya kamawa, kuma wanda ba ya kamawar ya fi daraja saboda nikel ɗin da ke cikinsa.

Na tambaye shi, "Baba, tazarar kuɗin har ta kai a ɓata yini ana tsince-tsince?" Ya ce kilo ɗaya na jan ƙarfe mai tsabta ya fi kilo 20 na ƙarfen da muka kai. Ɗakin ya yi tsit, kowa yana tuna dunƙulen wayar nan.

Na nuna masa keken ɗinkin. Ya juya shi, ya kasa kunne, ya ce wanda ya kai wannan sikeli Allah zai tambaye shi. Mai da bel kawai yake so. Ya tafi da shi.

Asabar, 22 ga Maris

Rabinmu sun fita zagaye, rabi sun zauna rarrabewa. Mun jera durom biyar da buhuna, an rubuta sunan kowanne da fenti. Mun sayi filaya biyu, sukudireba, sifana, wuƙaƙen fiɗar waya da ƙaramin sikelin rataye, don kada mu sake zuwa ba mu san nauyin kayanmu ba.

Gwangwanaye ma kashi biyu ne. Na abin sha yawanci alminiyam ne, na abincin gwangwani ƙarfe ne da aka shafa wa kuza, maganaɗisu na kama shi. Yara sun ƙirga, sai da aka zuba kusan 70 na alminiyam kafin sikeli ya nuna kilo ɗaya. Aiki ne na haƙuri, amma dillalai na son su, kuma da dalili: narkar da tsohon alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660, yana cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ma'adini. Mun sa ƙananan su riƙa tattake su. Shi ne aikin da ba a roƙon kowa ya yi.

Lahadi, 23 ga Maris

Kwance fankoki shida. Huɗu naɗin jan ƙarfe, biyu alminiyam. Yatsuna sun yi kanta.

Asabar, 29 ga Maris

Na iso da rana na hango baƙin hayaƙi yana tashi daga bayan katanga. Samari uku sun gaji da fiɗar waya da wuƙa, sun tara ta sun cinna mata wuta don robar ta ƙone. Warin ya shaƙe maƙogwaro tun daga ƙofa, maƙwabciya tana tsaye tana faɗa, da gaskiyarta, jaririnta na tari. Muka kashe da yashi. Na je na ba ta haƙuri, ta ce in aka sake za ta kai ƙara, na ce ni zan raka ta.

Robar waya yawanci PVC ce, in ta ƙone tana fitar da iska mai cin huhu da gubar dayoksin. Ga hasara kuma: jan ƙarfen da ya sha wuta ya yi baƙi, ya fita daga aji na ɗaya mai sheƙi ya koma na ƙasa. Wajen kilo uku muka lalata haka. Baba ya nuna mana dabara: a kafa wuƙa a jikin katako, bakinta ya ɗan leƙo, a jawo wayar ta kai, robar sai ta tsage a tsaye. In wayar ta sha rana ta yi laushi, abin ya fi sauƙi. Sirara irin na caja kuwa ba a wahala da su, a sayar da su da rigarsu.

Wani abin takaici: dunƙule guda da muke ta taƙama da shi, da aka kankare bakinsa sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Yanzu kowace waya sai an datsa an duba cikinta kafin ta shiga durom.

Laraba, 2 ga Afrilu

Wannan ita ce rana mafi muni tun da muka fara.

Da safe na tarar da kaya biyu a fili waɗanda ba mu muka kawo ba: murfin magudanar ruwa na ƙarfen zubi, da naɗin kebul mai kauri, sabo fil, an datse shi da zarto. Da yamma wani saurayi ya zo yana rarrashi, wai shi ya kawo gudummawa cikin dare, in an sayar a ɗan ba shi wani abu. Na ce ina ya samo, ya ce tsintuwa. Murfin magudana ba ya faɗuwa daga aljihun kowa.

Abin da ya ba ni tsoro ba yaron ba ne, mu ne. Da na kira taron gaggawa, mutum biyu suka ce kebul ɗin kaɗai zai iya ba mu hawa biyu, kuma ai ba mu muka sata ba. Mataimakiyar shugaba ce ta kashe maganar. Ta ce, "Yaya, ramin da aka cire murfin nan yana nan a buɗe, kuma da dare yaro ba ya ganin rami." Muka ɗora murfin a baro muka bi titi muna dubawa, muka samu ramin bayan layi uku, wani ya dasa reshe a ciki don gargaɗi. Muka mayar. Kebul ɗin shugaba ya kai wa hukuma, aka rubuta, ya karɓo takarda.

Satar ƙarfe ciwo ce ta wannan sana'a a ko'ina. A Ingila sai da aka yi doka a 2013 wadda ta wajabta wa dillalan gwangwan lasisi da duba shaidar mai kawo kaya, ta kuma hana su biya da tsabar kuɗi, duk don a iya bin sawu. Mu namu bin sawun littafi ne: daga yau duk abin da ya shigo sai an rubuta wanda ya bayar da abin da ya bayar, ya sa hannu. Ba ma saye, ba ma raba riba da kowa, ba ma karɓar kayan titi, na layin wuta ko na jirgin ƙasa.

Na sayo kwaɗo. Wata guda cur da aka ce in sayo, kuma da na yi tun farko da ba a shigo mana cikin dare ba. Na faɗi haka a gaban taro.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ruwa ya hana fita. Mun ɗauke littattafai daga kanta, mun tara bokiti huɗu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wani gareji ya ba mu matattun baturan mota bakwai. Kaya ne masu kuɗi, don fiye da rabin nauyin batir dalma ce, amma ruwan cikinsu asid ne. Ɗaya ya karkace a baro, ya ɗiga a wandon ma'aji, kafin yamma wurin ya huje. Mun jera su a tsaye kan katako, a rufe, nesa da yara, kuma ba mai fasa su ko zubar da ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi shan wahalarta. Kuɗin ɗakin karatu muke nema, ba za mu samo shi da dalma a hannun masu karatun ba.

Abubuwan da muka ƙi karɓa a makon nan: tukunyar gas biyu, domin rufaffen abu yana iya fashewa in ya shiga injin matsa ko tanderu, da baturan waya da suka kumbura, don suna kama wuta. Firji ɗaya mun karɓa bisa sharaɗin Baba ne zai sa a zuƙe iskar kafin a taɓa kwamfireso. Ya ce yawancin sababbi da wata iska mai suna R600a suke aiki, mai kama wuta, ba a sara bututunsu da gatari.

Wani ya kawo shawarar mu nemi tsofaffin na'urori a wani asibiti da aka rufe. Gadaje da kujeru, in masu wurin sun bayar a rubuce, to. Na'ura kuwa a'a. Na ba su labarin birnin Goiania na ƙasar Brazil, inda a 1987 wasu mutum biyu suka kwance na'urar gashin ciwon daji a wani asibiti da aka yashe, suka sayar wa dillalin gwangwan. Dillalin ya ga wata hoda a ciki tana ƙyalli shuɗi a cikin duhu, ya nuna wa iyali da abokai. Sinadarin siziyam-137 ne, mai fitar da radiyeshin, wato tururin nukiliya mai kisa wanda ido ba ya gani. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka gwada mutum sama da 100,000. Na zana musu alamar gargaɗin radiyeshin a bango, fukafukai uku kamar na fanka a kan rawaya. Wanda ya gan ta, ko ya ga rufaffen ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, ya bar shi inda yake ya kira manya.

Talata, 15 ga Afrilu

Kai kaya na biyu. A wannan karon sai da muka tambayi dillalai uku farashin kowane aji tun jiya. Tazarar ba ta da yawa a baƙin ƙarfe, amma a jan ƙarfe akwai ta. Ɗayansu ya ce farashin jiya ba na yau ba ne, ya nuna min wayarsa: kasuwar ƙarafa ta Landan, wadda aka kafa tun 1877, ita suke kallo kowace safiya. Mu da baronmu, ashe da Landan muke ciniki.

Mun koma wurin mutumin farko, don shi ya fi tayi. Da ya ga durom-durom da rubutu a jiki sai ya yi dariya ya ce, "Wa ya koya muku?" Aka auna ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da takardar awonmu ina gwadawa. Baƙin ƙarfe kilo 520, mai kauri daban mara kauri daban. Alminiyam 46. Jan ƙarfe 19, uku daga ciki ƙonannu, ya ware su ya rage musu kuɗi kamar yadda Baba ya faɗa. Tagulla 11, sai batura da ƙananan injinan da ba mu iya kwancewa ba. A tagulla sikelinsa ya gaza namu da kusan kilo ɗaya, na yi magana, aka sake awo, ashe nauyin bokiti aka cire sau biyu.

Jimilla hawa 8, daga kayan da nauyinsu bai wuce na farko da wani abin kirki ba. Jan ƙarfen nan da mutum ɗaya ya ɗauka a kafaɗa ya kusa kamo kuɗin baƙin ƙarfen da ya cika mota. Motar aro ce, mai kawai muka zuba, rabin hawa. Kayan aikin da muka saya, wani rabin. Saura 7. Tsani ya kai 8 da rabi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Baba ya dawo da keken ɗinki yana aiki sumul. Wata tela ta saya, hawa ɗaya cif, abin da a sikeli ba zai kai ko kusa ba. Mun koma 9 da rabi. Na je na gaya wa tsohuwar, ta tambaye ni ko mai sayen ta iya sa masa mai.

Zagayen yau baro ɗaya da rabi kawai.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gidaje sun fara ƙarewa. Abin da mutum ya tara a shekara goma mun kwashe a wata biyu, ba zai sake taruwa kafin mu buƙace shi ba. Saura hawa 10 da rabi, don haka dole hanya ta sauya. Mun raba kanmu gida uku: masu zuwa wurin masu walda da makanikai don guntayen da suke zubarwa kullum, masu zuwa wurin masu aikin famfo da wayarin, inda tagulla da jan ƙarfe suke, da masu ajiye buhunan gwangwani a wuraren taro suna kwashewa duk mako. Duk abin da ya shigo kuma Baba zai fara dubawa ko yana gyaruwa kafin a sa masa guduma, akwai fankoki biyu da keke ɗaya a layi.

Ma'aji ya so ya ƙirga tsohon kwanon rufin a cikin kuɗin shiga. Na ce ya bari sai an sauke shi, ga shi siriri ya ci tsatsa, da wuya ya kai rabin hawa. Kafinta ya yarda a raba aikin biyu, in mun kai 12 a fara da ɓangaren kantar littattafai. Kai kaya na uku sai durom ɗin jan ƙarfe ya kai kilo 15, yanzu yana 4.

Maganaɗisun Baba ya ɓace. Mun kwashe awa guda muna nema, har durom muka kifar. Rabon da wani ya gan shi tun ranar lodi, kuma ina kyautata zaton ya manne a jikin wani rodi ya bi mota, mun sayar da shi a farashin baƙin ƙarfe. Ban gaya wa Baba ba tukuna. Duk mai matacciyar sifika a gida ya zo da ita ranar Laraba.